SHAFIN LAFIYAR IYALI: Naman ɓaunar Amurka da samarinmu masu ɗaga ƙarfe

  

A wannan karo mun jingine abin da muka yi niyyar kawo muku, saboda wata wasiƙa da ta iso mana daga wani dattijo wanda ɗansa ke karatu a Amurka. Ya ce yaron ya zo hutu bayan shekara biyu, ya dawo da faɗin ƙirji da kaurin damtse, har kakarsa ta kasa gane shi. Aka yanka rago don murnar zuwansa, mahaifiyarsa ta soya masa wurin da ya fi so tun yana ƙarami, amma ya ɗan taɓa ya janye hannu. Da aka matsa masa, sai ya ce kitse ya yi yawa, shi yanzu a can naman wata dabba yake ci mai suna bison, domin shi ne naman masu motsa jiki. Yaron ya koma, amma maganarsa ta zauna: ƙannensa biyu da ke zuwa gidan ɗaga ƙarfe na unguwa sun fara yi wa tukunyar mahaifiyarsu kallon raini. Dattijon ya yi mana tambaya uku: wace irin dabba ce wannan? Namanta ya halatta ga Musulmi? Kuma da gaske ne ya fi naman da muka sani?

Baba Alhaji, mun gode da wannan amana. Za mu bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, sai dai za mu jinkirta ta halacci zuwa kusa da ƙarshe, domin ba a yanke hukunci a kan abu sai an san kamanninsa.

Wace dabba ce?

Da Faransanci da Ingilishi duk bison ake ce mata. Mu a nan za mu kira ta ɓaunar Amurka, duk da cewa ba ita ce ɓaunar da maharbanmu suka sani ba, wadda har yanzu ake samu a gandun dajin W. Ba kuma ita ce ɓaunar ruwa ta ƙasar Indiya ba, wadda Larabawa ke kira jamus, ake fitar da daskararren namanta zuwa ƙasashe da dama. Dukkansu dangin saniya ne, amma kowace da ƙasarta da halinta.

Ɓaunar Amurka ita ce mafi girma a cikin dabbobin tudu na Arewacin Amurka. Namiji kan kai kilo 900, macen kuma wajen rabin haka. Tana da ƙaton kai mai gashi buzu-buzu, da gajerun ƙahoni, da tozo babba. Tozon nan ba tarin kitse ba ne, tsoka ce da ke ɗaure da dogayen ƙasusuwan baya, da ita take juya kai tana share dusar ƙanƙara don ta kai ga ciyawa a lokacin hunturu. Duk da nauyinta takan yi gudun kilomita 55 a awa. Dabba ce ta sarari da tafiya da sanyi, kuma wannan rayuwa ce ta siffanta namanta.

Yadda aka kusa ƙarar da ita

Kafin ƙarni na 19, an ƙiyasta cewa akwai tsakanin miliyan 30 zuwa 60 na wannan dabba a shimfiɗaɗɗun filayen tsakiyar nahiyar. Ƴan asalin ƙasar, irin su Lakota da Sheyan da Komanci, a kanta suka gina rayuwarsu. Namanta ne abinci, fatarta ce tanti da sutura da takalmi, jijiyarta ce zare da tsirkiyar baka, ƙahonta cokali, busasshen kashinta kuma makamashi. Sukan shanya naman ya bushe, su daka shi, su kwaɓa da narkakken kitse, wani lokaci da ƴaƴan itatuwa, su ɗura a jakar fata. Sunan wannan guzuri pemikan, kuma yakan daɗe ƙwarai bai lalace ba. A shekarar 2001 wasu masana biyu, Richard Steckel da Joseph Prince, sun wallafa nazarin ma'aunin jikin mazajen waɗannan ƙabilu, suka nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 19 suna cikin mafi tsayin mutanen duniya, da matsakaicin tsayi na wajen santimita 172.

Sai aka shimfiɗa layin dogo da ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, aka kammala shi a 1869. Jim kaɗan bayan haka majema suka gano dabarar jeme ƙirgin ɓauna ya zama fata mai ƙwari, wadda masana'antu ke buƙata don bel ɗin injuna. Maharba suka kwararo da bindigogi masu cin dogon zango. Sukan feɗe fata, wani lokaci su yanke harshe, su bar sauran naman ya ruɓe a fili. Daga baya aka riƙa tsince ƙasusuwan ana lodawa a jirgin ƙasa don yin taki da tace sukari. Wasu manyan hafsoshin soja sun yi maraba da wannan ɓarna, domin sun san ranar da ɓauna ta ƙare, ranar ce ƴan asalin ƙasar za su sallama. A 1874 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kare dabbar, shugaba Ulysses Grant ya ƙi sa mata hannu. Da William Hornaday ya yi ƙidaya a 1889, abin da ya samu bai wuce dubu ɗaya da ƴan kai ba. A gandun dajin Yellowstone kuwa, a 1902 ragowar ba ta wuce ashirin da ƴan kai ba.

Aka tattara ƙabilun a keɓaɓɓun yankuna, gwamnati na raba musu farin gari da sukari da man suya a madadin abincin kakanninsu. Binciken masana tattalin arziki ya nuna cewa tsayin ƴaƴan da aka haifa bayan ƙarewar ɓauna ya ragu. A yau kuma ƴan asalin ƙasar na cikin waɗanda ciwon sukari ya fi addaba a Amurka. Wannan ne ya sa a 1992 wasu ƙabilu suka haɗu suka kafa ƙungiyar maido da ɓauna ƙasashensu, wadda yanzu ake kira InterTribal Buffalo Council, ta kuma ƙunshi ƙabilu fiye da 80. A wurinsu maido da wannan nama cikin abincin yara da tsofaffi magani ne da kuma maido da mutunci.

Yunƙurin ceto dabbar ya ƙarfafa da kafa ƙungiyar kare ta a birnin New York a 1905, tare da goyon bayan shugaba Theodore Roosevelt. A yau adadinta ya kai wajen dubu 400 a Amurka da Kanada, mafi yawansu a gonakin kiwo masu shinge. Ted Turner, wanda ya kafa gidan talabijin na CNN, ya tara garke na wajen 45,000, kuma a 2002 ya buɗe jerin gidajen abinci da suka shahara da wannan nama. A 2016 shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta mai da ita dabbar alfaharin ƙasa. Duk da haka namanta ƙalilan ne a kasuwa: waɗanda ake yankawa a Amurka a shekara ba su kai dubu 100 ba, alhali shanun da ake yankawa sun kai wajen miliyan 30. Shi ya sa farashinsa kan kusa ninka na naman sa.

Me masu motsa jiki suka gani a cikinsa?

Mai ɗaga ƙarfe abu biyu yake nema a abinci: furotin mai yawa, wato sinadarin da jiki ke gina tsoka da shi, da kuma ƙarancin kitse don kada teɓa ta rufe ƙwanjin da ya sha wahalar ginawa. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa giram 100 na gasasshiyar tsokar ɓauna, wadda aka cire wa kitse, na ɗauke da furotin giram 28, kitse giram 2.4, da kalori 143. Naman turkakken sa na Amurka, wanda kitse ya ratsa tsokarsa, yana da kusan wannan furotin ɗin, amma kitsensa kan kai giram 18, kalorinsa kuma wajen 280. Naman ɓaunar yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, sama da miligiram 3 a giram 100, da bitamin B12 mai yawa. Dokar Amurka kuma ta hana yi wa ɓauna allurar saurin girma, wadda aka yarda a yi wa shanu.

Dalilin ƙarancin kitsen a fili yake. An shafe ƙarnuka ana zaɓen irin shanun Turai don su yi saurin ƙiba, kitse ya shiga tsakankanin tsoka. Ɓauna ba a yi mata wannan zaɓe ba. Kitsenta a ƙarƙashin fata da kewayen kayan ciki yake taruwa, inda wuƙar mahauci ke iya raba shi da tsoka.

Kasuwar ta buɗe sosai ne daga farkon shekarun 2000, lokacin da aka yi yayin tsarin cin abinci irin na mutanen da, wanda littafin Loren Cordain na 2002 ya yaɗa, kuma gidajen motsa jiki na CrossFit suka rungume shi. Hoton dabba mai ƙarfi a buɗaɗɗen fili ya dace da abin da saurayi ke son ya zama. A 2013 wasu masu bincike a jihar Utah sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi, inda suka ciyar da maza masu lafiya naman sa da na ɓauna, suka ga alamun kumburi da takurar jijiyoyin jini sun fi ƙaranci bayan cin na ɓauna. Sai dai mutanen da aka gwada ba su kai ashirin ba, kuma makonni kawai aka yi ana gwajin. Irin wannan bincike yana buɗe ƙofar tambaya ne, bai isa a gina hukunci a kansa ba.

Saboda haka, Baba Alhaji, ɗanku bai yi ƙarya ba. Nama ne mai kyau, mai ƙarancin kitse. Amma akwai sauran magana, wadda mai talla ba ya rubutawa a jikin leda.

Abin da ba a rubutawa a jikin leda

Na farko, alƙaluman da muka kawo na zallar tsoka ne. Mafi yawan abin da ake sayarwa a kantuna niƙaƙƙen nama ne, shi kuwa kitsensa kan kama daga giram 7 har zuwa wajen 16 a giram 100, gwargwadon abin da aka niƙa a ciki. Haka kuma yawancin ɓakanen kasuwa ba daga ciyawa ake kai su mayanka kai tsaye ba. Akan turke su a ba su hatsi na wasu watanni, kamar yadda muke yi wa ragon layya. Wanda ya sayi niƙaƙƙen nama na irin wannan, bai yi nisa da naman sa mara kitse ba, sai dai a farashi.

Na biyu, girki na iya rushe duk ribar. Giram ɗaya na kitse ko mai kalori 9 ne, na furotin kuwa 4. Babban cokali ɗaya na man suya ya kai kalori 120. Ratar da ke tsakanin naman ɓauna da na turkakken sa kalori 140 ce a giram 100, wato cokali ɗaya da ɗan ɗigo. Wanda ya tsoma tsokar ɓauna cikin kaskon mai, ko ya ci ta cikin burodi da cuku da soyayyen dankali da lemon kwalba, ya mayar da abin da ya gudu ta bayan gida.

Na uku, naman ɓauna jan nama ne, hukuncin jan nama kuma ya hau kansa. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya jan nama cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji, musamman na babban hanji, ta kuma tabbatar da hakan ga naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko magungunan adanawa. Asusun binciken ciwon daji na duniya ya ba da shawarar kada dafaffen jan naman da mutum ke ci a mako ya wuce giram 350 zuwa 500.

A nan ne ya kamata samarinmu su ɗauki alƙalami. Baligi mai zaman lafiya yana buƙatar wajen giram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyinsa a rana. Masana abincin ƴan wasa sun ce mai horo mai tsanani na buƙatar tsakanin 1.2 zuwa 2.0, kuma bincike ya nuna cewa bayan wajen 1.6 ƙarin ba ya ƙara wata tsokar a-zo-a-gani. To, saurayi mai kilo 70 da ke neman 1.6 yana buƙatar giram 112 a rana. In daga jan nama kaɗai zai samo su, sai ya ci giram 400 kullum, wato kilo 2.8 a mako. Wannan ya ninka iyakar da likitoci suka shata fiye da sau biyar. Ko da ɓauna ce, ko da kyauta ake ba shi, lissafin bai fita ba. Dole mafi yawan furotin ɗinsa ya fito daga wake da ƙwai da kifi da kaza da nono da gyaɗa.

Na huɗu, akwai batun tsabta. Da yake naman ba shi da kitse, yana saurin bushewa a wuta, sai masu dafa shi suka saba barin cikinsa da sauran ja. A 2019 hukumomin lafiya na Amurka sun danganta ɓarkewar ƙwayar cutar E. coli da niƙaƙƙen naman ɓauna. Mutum 33 suka kamu a jihohi 8, aka kwantar da 18 a asibiti. Ƙa'ida ita ce zafin tsakiyar niƙaƙƙen nama ya kai digiri 71, na yankan tsoka kuma 63 sannan a bar shi ya huta minti uku. Hanyar da ta fi dacewa da shi ita ce wuta kaɗan-kaɗan, ko dahuwa cikin romo, irin yadda iyayenmu mata ke yi wa naman tsohuwar dabba.

Akwai kuma wani abin lura daga tarihi. Mutanen da suka rayu a kan wannan dabba dubban shekaru ba zallar tsoka suke nema ba. Harshe da tozo da ɓargo da kitsen baya su ne abin so a wurinsu, kuma kusan rabin nauyin pemikan kitse ne. Sun sani cewa wanda ya dogara da nama mara kitse kaɗai a ƙarshen hunturu yakan yi gudawa ya raunana, ko da cikinsa cike yake. Kitsen bai cuce su ba domin suna ƙona shi a kan doki da ƙafa, cikin sanyi mai tsanani. Ɗan birnin da ke wuni a kujera, ya yi awa ɗaya a gidan ɗaga ƙarfe, buƙatarsa daban ce. Abincin wani gubar wani. Ƙarfin waɗancan mazaje daga naman da rayuwar da ke tare da shi ya fito, kuma naman kaɗai ake iya sayarwa a kanti.

Batun halacci

Mu ɗalibai ne, fatawa ta malamai ce, amma ga abin da muka karanta a gaban iyayenmu. Ita dabbar a kan kanta babu matsala: mai cin ciyawa ce, mai tuƙa, mai rababben kofato, ba ta da fiƙar farauta. Tana cikin jinsin shanun daji, waɗanda malamai suka haɗu a kan halaccin namansu.

Inda maganar take shi ne yadda ranta ya fita. A fiƙihun Malikiyya, dabbar dajin da ta gagara kamu tana halatta ta hanyar farauta, idan maharbin Musulmi ne ya kuma ambaci sunan Allah lokacin harbi. Amma da zarar ta shiga hannu, aka killace ta aka sami iko a kanta, sai da yanka. Ɓaunar kasuwa kuwa ta gona ce. Da yake ba ta da haƙurin saniya, tana da wuyar kayarwa, abin da aka saba shi ne a harbe ta a ka, a fili ko a mayanka, da harsashi ko da bindigar sumarwa mai huda ƙoƙon kai, sannan a zubar da jinin. A mashahurin zance na mazhabarmu, dabbar da aka riga aka huda mata ɗaya daga cikin makasanta, kamar a tarwatsa ƙwaƙwalwa, yankan da ya biyo baya ba ya halatta ta. Malamai sun yi saɓani a kan naman kantunan ƙasashen Ahlul Kitabi, amma wanda ke son kuɓutar da addininsa daga shubuha, hanyarsa a buɗe take: akwai mahauta Musulmi a Amurka da Kanada da ke sayar da naman ɓauna na halal. Ya neme su, ya tambaye su yadda ake yankan, kada ya wadatu da tambarin da ke jikin leda.

Wani tarko kuma: saboda rashin kitsen naman, masu yin tsiran Turawa na cikin hanji sukan ƙara masa kitsen alade, ko su ɗura shi a hanjin alade, kuma a gidajen abinci akan ɗora masa soyayyen naman alade a sama. Sunan bison a jikin takardar abinci bai isa shaida ba. A karanta jerin abin da aka haɗa, a kuma yi tambaya.

Guntun gatarinka

Yanzu ga abin da ya fi ba mu mamaki da muka buɗe waɗancan alƙaluma na ma'aikatar noma ta Amurka. A cikin jerin akwai gasasshen naman akuya. Giram 100: furotin giram 27, kitse giram 3, kalori 143, sinadarin ƙarfe miligiram 3.7. Ku koma sama ku duba na ɓauna. Kusan tagwaye ne, a wajen ƙarin jini ma akuya ta ɗan ɗara. Dalilin kuma ɗaya ne: akuya ma ba ta cusa kitse cikin tsoka, a kewayen ƙoda da hanji take tara shi. Abin da Ba'amurke ke biyan ninki biyu don ya samu, shi ne jar akuyar Maraɗi ke yawo da shi a bayan gidajenmu, yankan Musulmi, da bisimilla. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Haka nan busasshen wake na ɗauke da furotin wajen giram 23 a giram 100, kuma Nijar da Nijeriya ne kan gaba a duniya wajen noma shi. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Ƙuli-ƙuli, da nono, da busasshen kifi, da naman zabo duk suna cikin sahu. Saurayin da ya karya da ƙosai ko ɗanwake da ƙwai biyu, ya sha fura da nono da rana ba tare da tulin sukari ba, ya ci shinkafa da wake da kifi, sannan ya sami tsokar akuya sau biyu ko uku a mako, ba ya buƙatar dabbar wata nahiya, ba ya kuma buƙatar gwangwanin garin furotin da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Amma adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Ɗanku ya hango wani abu na gaskiya a cikin kwanon da aka ajiye masa. Mu mutane ne masu girmama baƙo da kitse da mai. Turkakken rago, soyayyen nama da ake ajiyewa cikin mansa, miyar da mai ke iyo a kanta, da gishiri da dunƙulen ɗanɗano ba awo, duk sun dace da kakanninmu da ke wuni a gona da kan hanyar fatauci. Mu kuwa da yawanmu babur ke kai mu ko'ina, har masallacin unguwa. Hawan jini da ciwon sukari sun shigo gidajenmu, babu wanda bai san wani da suka kwantar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali guda, kuma baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wannan nasiha ta shafi uba da uwa kafin ta shafi saurayi.

Don haka shawararmu ga iyaye mata ita ce a feɗe kitsen da ido ke gani kafin a ɗora tukunya, a riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba, a fifita gashi da farfesu a kan suya, a yawaita ganye irin su zogale da rama da yakuwa. Ga samari kuma, ku ci gaba da motsa jikinku, abu ne mai kyau, amma ku sani tsoka daga horo da barci da cikakken abinci take fitowa, babu wani nama guda da ke ɗauke da sirrinta. Wanda ke da ciwon ƙoda, ko ciwon gaɓoɓi da likita ya danganta da cin nama, kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

Ga ɗanmu na Amurka, in wannan shafi ya kai gare ka: ka ci naman ɓaunarka in ka sami na halal kuma aljihunka ya ɗauka, cikin awo. Amma in ka sake zuwa hutu, kada ka janye hannu daga kwanon da mahaifiyarka ta wuni tana haɗawa. Ka zauna kusa da ita, ka nuna mata yadda kake so a gasa maka, ka ci ka yi godiya. Gyaran tukunyar gida da lallashi ake yin sa, kuma ƙannenka kai suke kallo.

Baba Alhaji, muna fatan mun amsa. Duk wanda ke da ƙarin bayani ko gyara, musamman malamanmu da likitocinmu, ƙofar wannan shafi a buɗe take. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ciyar da mu halal, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.